Tauraron Baba Tsakanin Injuna Biyu

Mun tashi daga Kazaure bayan sallar asuba, ni da maƙwabcin shagona mai walda, a kan tsohon babur ɗinsa. An kwana ana ruwa, duwatsun gari sun yi baƙi sun wanku. A jakata akwai guntayen baƙin katakon ƙirya da yankan farar aduwa, ba wani abu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni kafinta ne, kuma aikin dashe na gada. Wato ka fafe baƙin itace, ka yanko fari daidai ramin, ka dasa shi ya zauna kamar a nan ya tsiro. Mahaifina ya yi suna da tauraro mai tsini takwas a murfin akwati. Ni ma na ci abinci da tauraron nan shekara da shekaru, sai bara hannuna na dama ya fara rawa. Na ɓata ƙofar wani Alhaji, labari ya zaga, masu kawo aiki suka ja baya. Na sayar da shanun huɗata don in sayi inji. Guda ɗaya kuɗin za su saya. In na zaɓa ba daidai ba, shago ya rufe ke nan. Shi ya sa muka fito in gwada iri biyu kafin in saya.

Hanyar Roni ba laifi, sai ramuka da ruwa ya rufe, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Gero ya kai ƙirji hagu da dama. Mun tsaya mun sha koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har ya fara kama da gurjiya. Mai suyar ta ce mu je mu tambayi mai sayar da wake.

A Roni akwai wani da ya dawo daga Legas da injin lesa, yana rubuta sunayen amare a faranti. Mutum ne mai fara'a. Na zana masa tauraron, ya ɗauka a waya, ya sa a kwamfuta. Wani ɗigon haske ya bi kan katako, hayaƙi na tashi, ban gama gyara zama ba an gama. Tsinin nan takwas kamar allura. Wallahi sai da na ji kishi. Amma aduwar sai da ya fere ta kamar takarda kafin wutar ta iya ratsa ta, ramin ba zurfi, bakin yankan kuma ya yi baƙi. Shagon gaba ɗaya ƙauri yake. Na tsaya ina neman ƙamshin itace, na shagon Baba idan an kankare ƙirya da safe, babu.

Muka juyo muka ratsa Kazaure ban leƙa gida ba, don na san uwargida za ta tare ni da “wanne ka zaɓa?” Hanyar Babura ta fi tsawo, motocin hatsi da na dabbobi suna ta matse mu gefe. Mai walda yana tuƙi yana zagin farashin mai, ni ina riƙe da jaka da hula.

Babura kuwa ciniki ake da gaske, rabin maganar kasuwa da sefa ake yi. Mun ci balangu mai kitse, mai naman ya rantse ragon jiya ya tsallako iyaka da ƙafarsa. Mai injin CNC yana bayan kasuwar hatsi, yana sassaƙa ƙofofi ga mutanen Nijar. Shi wannan ba wuta yake amfani da ita ba, wani haƙorin ƙarfe ne ke juyawa yana cin itace. Ƙara kamar injin niƙa, janareta na taya shi. Ya daɗe kafin ya gama. Amma ya fafe rami mai zurfin da nake so, aduwa ta shiga da kaurinta, garin katako ya zubo mini a ƙafa. Na duƙa na damƙa na shinshina. Mai walda ya ce, “Malam, tuwo za ka tuƙa da shi?” Ban kula shi ba. Aibinsa ɗaya: haƙorin zagayayye ne, ba ya shiga lungu, sai tsinin tauraron ya fito a dakushe.

A Babura muka kwana. Da safe na ce Gwiwa za mu, wajen Inna. Idonta ya tafi tuntuni, amma akwatin da Baba ya yi mata na aure yana nan gefen gadonta. A gidanmu haka ake gwada dashe: ka rufe ido ka shafa. In yatsa ya ji inda fari ya haɗu da baƙi, aiki bai yi ba. Yanzu duk duniya ba wanda ya fi ta iya wannan gwajin.

Mun same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Bayan gaisuwa na miƙa mata tauraron da aka yi a Roni. Ba ta ko shafa ba, hanci ta kai.

“Kai wannan, gobara aka yi a shagon naka?”

Na ce a'a Inna, inji ne. Ta shafa, ta ce ya yi sumul, amma ɗan jikanta zai iya ɓamɓare shi da farce. Na ba ta na Babura. Ta daɗe tana bin sa da yatsa, ta ƙwanƙwasa, sannan ta jawo murfin akwatinta ta ɗora ɗaya hannun a kai.

“Wannan ya zauna. Amma wa ya cinye masa tsini? Malam mahaifinka ba ya barin tsini haka. Sai ya aje shi har safiya, ya ce lokacin hannu bai gaji ba.”

Sai nake ganin Baba a zaune bakin zaure, cizal ɗin sassaƙa a hannu, harshe a gefen baki, mu kuma an hana mu tari. Ta sa aka dama mana fura, na sha ban ji ɗanɗanonta ba.

Mun iso Kazaure da la'asar. Washegari bayan asuba na buɗe shago, na ɗauko na Babura, na wasa ƙaramin cizal ɗin Baba. Da sassafe hannuna yakan ɗan natsu kafin rana ta ɗaga. Na gyara lungu ɗaya, na yanko sabuwar aduwa mai tsini na dasa. Na rufe ido na shafa. Ban ji komai ba.

To, 'yan uwa, abin da na koyo ke nan. Mai son rubutu da ado siriri, ya sayi lesa, ba ta da laifi. Ni dai injin mai haƙorin zan saya, da ƙararsa da shan mansa. Lesa ta gama aikin duka, ba ta bar mini komai ba. Wannan kuwa ya ɗauke mini fafa, ya rage mini lungu takwas. Su hannuna zai iya, in na yi sammako. Saura bakwai, sannan in mayar wa Inna ta shafa.