Tashar Motar Baya

Da na dawo daga karatu a waje, ban ɗauka akwai abin rubutawa a kan zaɓen tashar oba-oba, rediyon da direbobi ke magana da juna da shi, ba. A ganina murɗawa ce kawai, ka tsaya inda babu shuu. Har yanzu ina tantama ko na fahimci Abarshi.

Mutumin Dogarawa ne, madugun motocin albasa masu tashi daga Galmi, su karya kwana a Tsarnawa su nufi arewa. A 2004 salula ba ta kai ko'ina ba, don haka kowane direba na riƙe da oba-oba. Kafin a tashi, Abarshi kan bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ya kauce wa mai hayaniya da wadda masu gyaran hanya ke magana a kai.

Sai dai tasha biyu yake zaɓa, ta motocin gaba da ta na baya. Hashimu, ɗansa na fari, shi ke jan motar ƙarshe, kuma Abarshi bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya yi masa magana direbobi na saurare. Rabilu, direban tsakiya, shi ke murɗawa yana kai saƙo. Har tsokanarsa suke yi, wai maroƙin gidan Abarshi.

Wata ranar damina, gaba da Badaguishiri, Abarshi ya tarar ruwa ya cinye gefen kwalta a bayan wata kwana. Ya gargaɗi na gaba. Ya kira Rabilu, shiru, tudu ya shiga tsakaninsu. Da ya hau tudu na gaba, inda murya ke kaiwa nesa, yatsansa na kan maɓallin. Murɗawa ɗaya ta isa ya samu Hashimu. Ya sake kiran Rabilu.

Motar Hashimu ta kife a wurin. Ya rayu, amma da ɗingishi yake tafiya.

Babu wanda ya zargi Abarshi. Dattawa ma cewa suka yi ƙaddara ce. Abarshi ya gaya mini, idonsa a ƙasa, cewa wannan ya fi yi masa nauyi.

Da Hashimu ya koma tuƙi, Abarshi ya sa kowa a tasha guda. Na tambaye shi abin da ya fara ce wa yaron.

"Na danna, bakina ya ƙi buɗewa," in ji shi. "Shi ne ya ce, Baba, ina jin ka, mu tafi."