Ruwan Ƙarshe

Gwaggo ba ta taɓa zubar da ruwan wanki da sauran kumfa a cikinsa ba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, wankin gidan ya zama nata. Ba wanda ya ce ta ɗauka, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta huta.

Tsarinta ɗaya ne. Ta zube kaya a tsakar gida, ta ware su tuli-tuli. Farare ke shiga ruwan farko mai sabuwar kumfa, masu launi su biyo, sannan baƙaƙe. Sai ruwan ya yi duhu ya mutu murus take tsoma nata zannuwan. Wajen shanya ma haka: farare a rana, masu launi a inuwa, nata kuwa a kan katanga, don igiya ta cika. Matar ƙanin har yabonta take gaban baƙi, wai sabulu a hannun Yaya ba ya ƙarewa. Yabon dai da baki ne, bai taɓa zama zane ba.

Cikin fararen akwai rigar makarantar Auta, 'yar ƙanin, wadda Gwaggo ta goya har bayanta ya ƙage. Daga firamare har makarantar koyon jinya, rigunanta ba su taɓa ganin ruwa na biyu ba. Abin da Gwaggo ke so bai da yawa: ranar da yarinyar ta gama, a ɗauke su hoto tare.

Ranar ta zo. Gwaggo ta goge zanenta mafi dama-dama, ta fito baki har kunne. Auta, fes cikin farar riga, ta dube ta sama da ƙasa, ta rage murya.

"Gwaggo, don Allah ba ki da wani mai tsabta? Ƙawayena za su gani fa."

"Wankakke ne, 'yar nan."

"To ai bai nuna ba."

Uwar ta ce dama gidan ma yana son mai tsaro. Suka tafi.

Gwaggo ta koma tsakar gida. Ta ɗebo sabon ruwa, ta ɓare sabon sabulu, ta jefa zanen shi kaɗai. Ta cuɗa, ta murza har yatsunta suka saluɓe, ta ɗauraye, ta sake. Ta ɗaga shi a rana: yana nan toka-toka. Tun da daɗewa, dattin gidan nan kaf ya zama launinsa.

A haka suka dawo suka same ta. Matar ƙanin ta riƙe haɓa.

"Haba Yaya! Sabon sabulu a kan zane ɗaya?"

Auta kuwa ta cire farar rigar ta miƙo mata.

"Gwaggo, ta ɗan yi maiƙo a wuya. A sa ta a sabon ruwa, kada ta dafe."