Baburin Malam Habu da Gyaran Mutanen Fassi

Har yau ban manta da safiyar da aka turo mini baburin Malam Habu garejin ƙaramar hukuma ba, haɗe da takarda mai layi biyu: a karɓi makulli, a ajiye babur sai an neme shi. Wannan a farkon shekarun dawowar mulkin farar hula ne, ina mataimakin babban makanike a sashen ayyuka. Kafin nan na yi koyarwa, har na gane cewa inji ya fi ɗan aji uku jin magana.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Habu mai duba makarantu ne. Aikinsa ya zagaya firamaren ƙauyuka, ya ga ko malami ya zo, ko allo na nan, ko akuya ta gaje aji. Shi ya koya mini haɗa baƙi a Rano. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma babu abin da yake tsoro kamar a zaunar da shi a bayan tebur.

Abin da ya faru shi ne, da damina ya faɗi a yashin hanyar Fassi, faɗuwa mai sauƙi, ko hularsa ba ta bar kansa ba. Amma tun daga ranar, duk inda ya nufa sai babur ya ja shi hagu. Sau biyu yana shiga gonar dawa, sau ɗaya ya tsaya dab da mai tallar awara. Labari ya kai ga Sakataren Ilimi, wanda shi ne shugabansa, ya ce tsufa ne ya zo, ido ya raunana, a dawo da shi ofis ya riƙa karɓar fayil kafin a kawo gawarsa.

Malam Habu ya biyo babur a ƙafa. Ya zauna a benci ya ce, "Isiyaku, kada ka wahalar da kanka. An riga an gyara shi. Ni ne na karkace."

"Wa ya gyara, Malam?"

"Mutanen Fassi, Allah ya saka musu. A nan take. Mai unguwa ma da kansa ya sa hannu."

Nan na fara zargi. Kun san gyaranmu na gefen hanya: mutum ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan babur har ya ga ya miƙe a idonsa. Na tambaye shi mutum nawa suka murɗa. Ya ƙirga da yatsu: mai unguwa, liman, wani tsohon ɗalibinsa, sai wani da ya zo wucewa da garma. Kowa ya ga bai kamata a ce Malam ya faɗi a garinsu bai ba da tasa gudummawar ba. Shi kuwa kunya ta hana shi cewa ya isa.

Ga yadda ake dubawa, ku masu tasowa ku riƙe. Na kafe babur a kan babban jak. Na ɗauko zare, na zagayo da shi ta bayan tayar baya, na miƙo shi gefe da gefe zuwa gaba. Da na daidaita tayar gaba a tsakiyar zaren biyu, sai ga kan babur yana kallon wani wajen. Daga nan na zare gilashin luba ɗaya daga tagar ofishin maigidana, babban makanike, wanda Allah ya sa ya tafi ɗaurin aure Rurum, na ɗora shi a kan sandunan shakazoba biyu da ke riƙe da tayar gaba. In suna kan layi ɗaya, gilashi zai kwanta lum. Wannan kuwa rawa yake yi, ƙwas, ƙwas.

"Malam, taɓa ka ji."

Ya sa yatsa ya danna kusurwa. Ya sake dannawa.

Sauran fargaba ɗaya ce, ko sandar ta lanƙwashe, don in haka ne sai an rubuta neman sabuwa, kuma ritayarsa za ta riga takardar dawowa. Na kwance su, na mirgina kowace a kan gilashi. Lafiya lau, murɗewa kawai suka yi a mariƙinsu. Na mayar, na bar notuna a sassauce, na kama birki na danna gaban babur sau da yawa har komai ya koma mazauninsa, sannan na ɗaure daga sama zuwa ƙasa. Gilashi ya kwanta shiru.

Na je na sami Sakatare. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanke wa ido hukunci, a zo a ga shaidar ƙarfe."

Ya ce, "Kai ɗalibinsa ne, dole ka kare shi."

"Shi ya sa nake so ka gani da idonka. Naka ai ba a ce ya raunana ba."

Ya yi dariya ya biyo ni filin ƙwallo. Na ja layi a ƙasa da sanda daga raga zuwa raga. Malam Habu ya naɗe babbar riga, ya yi bisimilla, ya hau. Ya bi layin nan har ƙarshe, ya juyo, sawun taya a kan sawun taya. Da ya tsaya sai ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙura ce. Da damina.

Sakatare ya zare makulli daga jikin babur ya miƙa masa da hannu biyu. Malam Habu ya ƙarasa shekarunsa biyu a kan hanya, kuma bai taɓa gaya wa mutanen Fassi cewa gyaransu ne ya karkatar da babur ba. Ya ce mini, "In sun ji, wani ya faɗi gobe ba za su ɗaga shi ba."

Tun daga nan, in aka kawo mini babur da ya faɗi, nakan tambayi hannu nawa suka taimaka masa kafin na taɓa sifana. In kuma aka ce dattijo ya gaza, nakan roƙi a ba ni awa ɗaya da abin hawansa tukuna, domin irin su Malam Habu sun fi saurin ɗora wa kansu laifi a kan su zargi wanda ya ɗaga su daga ƙasa.