Zazzaɓin Motar Surukina

Ban taɓa shan wahalar mota irin ta jar motar surukina ba. Shekara talatin da wani abu ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, na gyara gingimari, na gyara tasin da mai ita ma ya fid da rai, amma wannan 'yar abar da ba ta kai tsawon tabarma biyu ba, kwana biyar ta hana ni sakat.

Lokacin mulkin soja ne, Lafiya tana Jihar Filato. Ana rushe rumfunan bakin titi, tawa ta kan hanyar Makurɗi an riga an shafa mata jan fenti, an ce ran Litinin katafila za ta zo. Ba ni da inda zan kai kayan aikina. Surukina kuwa yana da fili a gaban gidansa a Akurba, bakin hanya, ba komai a cikinsa sai ciyawa da awaki.

Dillalin doya ne, ya tara abin duniya. Da girmansa ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, ya fito da takarda, ya sa mata gilashi ya rataye a zaure. Tun daga nan duk wanda ba shi da takarda ya zama abin tausayi a wurinsa. Ni aji uku na yi na gudu. Bai taɓa kirana da komai ba sai Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba yabo ba ne.

Motar a hannun wani Bature mai aikin hanya ya saye ta da zai koma gida. Kujera biyu, ba rufi sai tamfol, in ka zauna kamar a ƙasa ka zauna. Ko doya goma ba ta ɗauka. Amma duk Lafiya ba mai irinta, shi ke nan dalili.

Matata ta je ta roƙa mini filin, ya ce in zo. Na cire takalmi tun daga ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

"Injiniya, motata zafi take yi. Ka raba ta da zafin nan daga yau zuwa Lahadi, fili naka ne. In ka kasa, to ban ga abin da za ka yi da fili ba."

Ya kai ni ya nuna mini gejin awon zafin injin. Motocin da na saba da su gejinsu ba lamba, shuɗi ne da ja, in allura ta shiga ja ka tsaya. Wannan lambobi ne reras, daga casa'in har ɗari biyu da talatin. Ya tada mota, muka jira, allura ta hau ta tsaya a ɗari da tamanin.

"Ka gani? Ruwa a ɗari yake tafasa, a aji aka gaya mana. Wannan ta wuce da tamanin. Ko shinkafa aka zuba da tuni ta ƙone."

Na buɗe bonet. Ba tururi, ba wari, injin yana tafiya lafiya lau. Na dafa lagireto, wato tankin ruwan gaba, na ji zafi irin na kowace mota.

Na ce, "Baba, ko dai gejin ne?"

"Gejin Bature ne, ba ya ƙarya. Hannunka ne ya mutu da riƙon ƙarfe."

To, mutum ba ya musu da surukinsa. Na ce haka ne, Baba.

Na kai ta rumfa. Ranar farko na wanke lagireto, na canja fambel. Ɗari da tamanin. Rana ta biyu na cire tamosta, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa sai injin ya ɗumama, wanda kowane bakanike a ƙasar nan yake cirewa ya jefar. Allura ta sauka ɗari da sittin, na yi murna, na shiga kasuwa da ita, mai amalanke ya tare hanya, ta koma inda take. Rana ta uku na ce iska ce ba ta isarta, na samo fankar a-kori-kura na ɗaura mata. Fankar ta fi wurin girma. Ina tada injin na ji ƙarrr, ta yanki lagireton, ruwa ya fara ɗiga. Motar da aka kawo mini ba ta yoyo, yanzu tana yi.

Nan fa kanikawan layinmu suka taru a kaina, kowa da maganinsa. Wani ya ce ɗanyen ƙwai, wani ya ce garin barkono. Mai facin taya da ke kusa da ni, wani tsoho da bai taɓa buɗe bonet ba a rayuwarsa, ya ce, "Ku bar wahala, garin kwaki ne. Yana shiga ya kumbura ya toshe ramin. Direbobin Gboko duk da shi suke."

Na zuba tafi ɗaya, yoyo ya ragu. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce ai abin kirki ba ya yawa. Na ƙara na uku, yoyo ya tsaya cak.

Rana ta huɗu Baba ya zo da kansa, cikin farar babbar riga, ya ce mu gwada ta a hanyar Assakio. Shi ke tuƙi, ni ina gefe na takure, gwiwata a haɓata. Ba mu yi nisa ba na ga allura ta wuce ɗari da tamanin, ta wuce ɗari biyu, tana ta tafiya. Sai na ji wani ƙamshi da na sani, irin na rumfar mai abinci. Kafin in ce Baba tsaya, tiyon sama ya fashe, bonet ya yi tsalle, wani abu fari mai kauri ya feso ta gefe. Motar ba rufi. Ya sauka a gilashi, ya sauka a hularsa, ya sauka a gaban rigar.

Ya tsaya. Ya lakato abin da yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Teba ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

"To miyar fa, ko tana cikin but?"

Wasu mata masu ɗauke da itace suka ajiye kayansu don su yi dariya da kyau. Abin da ya fi ba ni haushi, Baba daɗi yake ji. Yana goge hula yana cewa, "Na gaya maka tana zafi, ka ce geji. Yau ga shi har ta yi girki." Ni na tura ta har bakin gari yana zaune yana riƙe da sitiyari.

Ran Asabar tun safe nake kwasar teba daga cikin injin. Na ciro lagireto na kai wa mai walda ya like, abin da ya kamata in yi tun farko. Na mayar da fankarta, na tono tamosta daga cikin shara na mayar, na sa sabon tiyo. La'asar na tada ta. Ɗari da tamanin. Na zauna a kan taya na rasa abin da ke mini daɗi.

Sai ga maƙwabciyarmu ta turo babur ɗinta, wai ya ƙi tashi. Nas ce a asibitin mishan, 'yar ƙabilar Tibi, kowa Sista yake ce mata. Ina duba mata fulogi ta leƙa cikin jar motar tana gyara hularta a madubi.

"Oga makanik, wannan ne motan da ya hana ka barci? Mene ne ciwonsa?"

Na nuna mata allura, na ce ruwa a ɗari yake tafasa, ga ta a ɗari da tamanin. Ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta dube ni.

"Buɗe bakinka."

Ta zaro ɗan gilashin awon zazzaɓi daga aljihu ta cusa mini ƙarƙashin harshe. Mai faci ya taso kallo. Da ta cire ta nuna mini.

"Casa'in da takwas. Oga, saura biyu ka tafasa. Jiya an kawo mana yaro da ɗari da uku, yau da safe ya sha koko, bai dahu ba."

Ta sa farce a kan wani ɗan harafi a ƙasan gejin, irin wanda ke jikin gilashinta. Ta ce awon zafi iri biyu ne, kamar mudun kasuwa, akwai babba akwai ƙarami. A mudun Baba ruwa a ɗari yake tafasa. A mudun motar sai ɗari biyu da sha biyu.

"Motan nan lafiyansa ƙalau. Ku ne ba ku da lafiya."

Mai faci ya ce shi dama ya yi zargin haka. Na ɗauki sifana, ya koma rumfarsa.

Na je gida na gaya wa matata, na ce gobe zan faɗa wa Baba gaskiya. Ta ajiye muciya.

"Ka faɗa masa me? Cewa abu ɗayan da ya riƙe daga makaranta bai riƙe daidai ba? Kuma daga bakinka, mai aji uku? Wallahi ko akuya ba za ka ɗaure a filin nan ba."

"To in yi ƙarya?"

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa ya yi ka sauke allura."

Washegari Lahadi, bayan asuba, na tafi rumfa da kwalbar jan farcenta a aljihu. Na tada mota na bar ta ta ɗumama sosai. Na cire gilashin geji, na zare allurar da filaya a hankali, na mayar da ita tana nuna casa'in da biyar. Na ƙirga talatin daga nan, inda zafin gaske zai fara, na ɗiga jan farce. Na rufe, na kai masa.

Na durƙusa na ce, "Baba, allura ta sauka. In ka ga ta taɓa jan nan, ka tsaya."

Ya zagaya unguwa sau biyu, ya dawo yana kallon geji yana gyaɗa kai.

"Casa'in da biyar. Ka ga amfanin ilimi, Injiniya? Da na biye maka da yanzu muna zagin geji."

Na ce haka ne, Baba. Na ari fartanya a gidansa, na kori awaki, na fara sharar filin.