Gidan da Aka Ba Ni a Takarda

Shekarun baya, kwana arba'in da rasuwar mahaifina, ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙiii na murfin akwatinsa na ƙarfe. Yayana ne ya buɗe. A ciki ya tarar da takardar fili a bakin garin Dogon Dutsi, da zanen gidan da Baba ya so ginawa bai samu ba. Abin da ke filin kawai tsibin tubalin laka ne.

Ban da mahaifiyarmu, mu uku ne magada, ni da maza biyu. Babbar dukiyar ita ce gonarmu ta Geceme, wadda geronta ya raine mu. Ban taɓa jayayya da rabon da Allah ya yanka wa mace ba. Fatana dai a yankan mini nawa a cikin gonar.

Ranar rabo yayana ya zo da wani magini abokinsa, wai ya yi wa gidan kuɗi. Mutumin ya shimfiɗa zanen a tabarma, yana bi da yatsa.

"Ga ɗaki huɗu, ga falo, ga rufin kwano. In anka gama wannan, hajiya, ya hi gona."

Na ce, "To ai ba a gama ba. Ko tushe ba a haƙa ba."

Yayana ya yi dariya. "Ke da kinka yi kwaleji? Karanta muna mi anka rubuta nan."

Na karanta kuwa, har da gyara murya, don a ji Faransancina. A kusurwar wani ɗaki na ga rubutun Baba da fensir: ɗakin ɗiyata in ta zo ganin gida. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai hawaye. Aka miƙo biro na sa hannu a takardar rabo. Suka ɗauki gona, na ɗauki gida.

Da na koma gidana, maigidana, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Da wane albashi za mu gina wannan?" Daga baya muka gane filin a hanyar ruwa yake, shi ya sa Baba ya dakata. Damina uku ta narkar da tubalin, ya koma tudun da awaki ke hawa.

Ban kai ƙara ba, kunyar mahaifiyata ta hana ni. Muna gaisawa da yayana, muna zumunci. Amma duk kaka yakan aiko mini dami biyu na gero a amalanke, a ce zakka ce. Zakkar gonar ubana. Ina karɓa, ina cewa Allah ya amfana, ina dakawa. Na roƙi Allah ya wanke mini zuciya, har yau furar geron nan ba ta wuce mini maƙogwaro da daɗi.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne: wanda ya san inda zuciyarki take da laushi, ba ya buƙatar yi miki ƙarya. Komai da aka faɗa a ranar yana cikin zanen.

Bara na je filin da ƙaramar ɗiyata tsinkar kuɓewar da nake shukawa a tudun. Na buɗe zanen ina nuna mata inda ɗakina zai kasance. Hadari ya taso daga gabas. Ta ja mini zane ta ce:

"Inna, ninke gidan ki sa a jaka, kar ruwa ya jiƙa shi."