Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Ƙarasawa

Tun ina ƙarama ba na yarda da abu da sauri, shi ya sa ban taɓa yarda cewa kakata ta yi mantuwa ba. Matar da ta san ranar haihuwar kowace akuya a garinmu Jabo?

Bayan magariba muke kewaye murhu, tana kaɗin auduga tana ba mu tatsuniya. Wata shekara sai Gwaggo Hassi, ƙanwar babana, ta dawo daga Kebbe inda take koyon ɗinki a gidan dangi. Ta dawo ba magana, abinci sai an matsa mata. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka ce iska ce. Kaka dai sai ta matso da tabarmarmu bakin ƙofar Gwaggo, wai hayaƙin murhu na damun ta.

Daga nan kullum labari ɗaya: wata budurwa tana tsinkar ganyen kuka ita kaɗai, sai ga dodo. Nan Kaka ke tsayawa. "Daga nan mi af faru? Ni dai na mance."

Mu yi ta kawo namu, tana cewa ba haka ba ne. Na ji haushi ƙwarai. Na kuma lura ba mu take kallo ba in ta yi tambayar.

Sai da aka kusa wata guda. Ranar nan daga cikin ɗaki muka ji muryar Gwaggo a dushe: "Ba daga daji yaf fito ba, Inna. Sallama yay yi. Ya san sunanta."

Mazarin Kaka bai tsaya ba. Ta ce, "Haka na. Kuma yarinyag ga ba ta da laifi." Ta kora mu makwabta, ta shiga ɗakin.

Yanzu aikina bincike ne kan matan da aka yi wa fyaɗe. Nakan shiga ƙauyukan Kebbe da takardar tambayoyi, su dubi takardar, su dube ni, su ce lafiya lau. Ban ga laifinsu ba. Na koyi ajiye ta, in zauna a yi sussuka da ni, in jira.

Gwaggo ta warke a hankali, yanzu tana Sanyinna da jikokinta. Ban taɓa tambayar ta ba. Amma akwai wani baffanmu na Kebbe da Kaka ba ta sake amsa sallamarsa ba har ta rasu, ni kuwa a lokacin na ɗauka kunnenta ne ya yi nauyi.