Tsinken Sakace

A shekarun da sabulu da madara sai an bi layi, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Hayin Banki, ina dillancin atamfa. Ba ni da jari. Abin da na mallaka farar riga ce guda ɗaya, sai tsinken sakace.

Mai kayan wani Alhaji ne Bakano a Babbar Kasuwa. Yakan ba dillali 'yan turame ya zaga gidajen ma'aikata, in an saya ya sami la'ada. Amma ba ya ba wanda ya ga yunwa a fuskarsa. Cewa yake mayunwaci karyar da kaya zai yi ya ci tuwo. Dole kenan in isa gabansa kamar ƙosasshe.

Da asuba nakan linke rigar in sa a leda, in kama hanya da ƙafa cikin tsohuwar taguwa, motocin Kawo suna wuce ni. In na kusa kasuwa sai in shiga masallaci, in wanke jan laka daga ƙafata, in sa riga, in maƙala tsinke a gefen baki.

Wata rana cikin damina na fito da ruwa kawai a cikina. Na tarar da Alhaji yana cin waina.

"Bismillah, dillali."

"Alhamdu lillahi, Alhaji, yanzu na tashi daga kai."

Ya dube ni, ya miƙo kaya. Na ɗauka na sake takawa har Unguwar Sarki, gidan wata Hajiya matar ma'aikacin gwamnati. Ta baza atamfofin a tabarma, ta daɗe tana shafa wata mai ruwan ganye.

"Malam, ta yi kyau. Amma har yau ba a yi albashi ba."

"Hajiya, ko rabi ki bayar."

"Rabin me? Maigidan ma da ƙafa ya tafi ofis."

Ƙamshin man gyaɗa da yaji na fitowa daga madafa. Ta kalli bakina ta ce, "Da na ce a zubo maka ɗanwake, to na ga ka riga ka ci."

Na yi godiya na naɗe kayana.

A hanyar komawa wani tela ya tsayar da ni, ya taya mai ruwan ganyen ƙasa da kuɗinta, ya ce zai biya nan take. Ga mai shinkafa da wake a gefen shagonsa. Na tsaya ina kallon tukunyar. Na san in na karyar yau, gobe babu kaya. Na ce albarka, na wuce.

Bayan la'asar na dire kayan gaban Alhaji. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya taɓu.

"Ba kasuwa?"

"Sai an yi albashi."

Ya mayar da su kan kanta. Har na juya ya ce, "Gobe ka zo da wuri, akwai leshi da za ka kai. Kuma ka canza tsinken nan, tun Litinin nake ganinsa."

Na koma masallaci na tuɓe rigar, na mayar da ita leda, na kama hanyar Hayin Banki. Hadari ya haɗo ta gabas, ga wankin rigar yana jirana, kuma ban san ko za ta bushe kafin asuba ba.